Gadar Kwali

Daren Alhamis, ruwa na dukan rufin zauren coci a Bethesda.
Hita ɗaya ce, ita ma sai an mare ta take kamawa.
Mu bakwai ne yau. Nerys ta kawo biskit.
Gethin ya haɗa tebura biyu, ya shimfiɗa koren bargo,
ya cusa tsofaffin littattafai ƙarƙashi, suka zama tuddai.
Kogin shuɗin ƙyalle ne, daga labulen wani aka yanko.
Gadar ta kwali.

A kan gadar nan ni da Emrys muka shekara ashirin da biyu.

Sojojinmu na dalma ne, kowanne da kaɗan ya ɗara ƙwayar shinkafa,
ɗari huɗu a akwatin takalmi.
Nasa ya yi musu fenti da buroshi mai gashi uku,
har maɓallin riga, har igiyar ganga,
har wani ɗan mashi da ya ba jan gemu
don ya yi kama da surukinsa.
Nawa kuwa daga nesa suka fi kyau.

Yaƙin tsoho ne, na lokacin da sarki da majalisa suka raba gari.
Waɗanda suka yi shi tuni ƙasa ta cinye.
Mu ke tashinsu duk mako,
mu auna musu tafiya da tef ɗin tela,
inci shida ga mai doki, uku ga mai ƙafa,
mu jefa ɗan lido,
mu ɗora auduga a bakin igwa mu ce hayaƙi.
Ba maraya, ba mai takaba.
Wanda ya faɗi ƙarfe takwas,
ƙarfe goma yana kwance kafaɗa da kafaɗa da wanda ya kashe shi.

Sau uku kacal na taɓa ƙwace gadar.
Ranakun na nan a bayan littafin dokoki.

Yau hannun Emrys ya ƙi shi,
hannun da ya shekara talatin yana tsaga dutse a kan tsaunin can.
Ya miƙa zai matsar da mahaya, yatsu suka kaɗa,
runduna guda ta kife cikin kogi.
Ya ɗauki ɗan lido, ya suɓuce,
ya gangara ƙarƙashin fiyano.
Kowa ya sami abin kallo cikin kofin shayinsa.

Sai na hango: gefensa na hagu a buɗe,
kamar gidan da aka fita aka manta makulli a jiki.
Inci shida, gada ta zama tawa.
Na kau da ido.
Na kora mahayana cikin fadama,
inda ko sabon shiga ya san doki ba ya fita.

Ya cire tabarau. Ya goge da bakin rigar sanyi.
Ya daɗe yana gogewa.
“Idwal,” ya ce, “mayar da su.
Hannuna ke rawa, ba kaina ba.
Ranar da nake son sadaka na san ƙofar da zan buga.”

Na mayar. Na auna. Na jefa:
biyar da shida.
Mai jan gemu ne ya fara faɗuwa.
Ni na ɗauke shi, da yatsa biyu, ina riƙe numfashi.

Emrys ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
“Huɗu. Rubuta, kafin ka manta yadda ake yi.”

Da aka tashi, ni na jera masa mutanensa,
yana tsaye a kaina yana gyara mini sahu.
A ƙasan akwatin akwai wasu sittin, tsirara,
farar dalma, ba fuska, ba tuta.
“Talata ka zo gida,” ya ce.
“Ni in faɗa, kai ka shafa.
Amma ka biya ka sayi tabarau.
Mutanena ba sa fita fage ba maɓalli.”

A waje ruwan bai tsagaita ba.
Bas ɗin goma da kwata ya makara.
Muka tsaya ƙarƙashin lema ɗaya,
ya tura akwatin cikin kwat ɗinsa,
ya bar kafaɗarsa tana jiƙa.